Dutse na Sha Bakwai

A kwarin Dolgellau ruwa ba ya hutu.
Gidan kakannin Eirlys ta ƙafa yake shan sanyi.

Emrys magini ya durƙusa da alli,
ya ba kowane falalen dutse lamba
kafin ya ɗaga shi.
Ƙasa ta fito baƙa, tana warin rijiya.
A ciki: maɓalli, rabin lofe,
da takalmin yaro, na hagu kaɗai.

"Ban da siminti," in ji shi.
"Bango ma numfashi yake.
Ka toshe masa hanci, ya yi maka gumi a ɗaka."

Suka haƙa kamu guda, baro bayan baro,
suka zuba tsakuwar gilashi mara nauyi kamar gawayi,
suka daɓe da farar ƙasa.
Mako uku ana shiga ta kan katako.

Na sha bakwai ne mai kwarmi,
inda mata huɗu suka tsaya gaban murhu, ɗaya bayan ɗaya.
Emrys ya so ya kifa shi.
Eirlys ta ce a'a,
ta mayar da takalmin ƙarƙashinsa.

Ran da ƙanƙara ta sauka
ta cire safa, ta sa ƙafa a kwarmin,
tana jiran sanyin da ta gada.
Shiru.