Ranar da Lasifika ta Mutu a Bergen

Shekara goma sha tara ina tuƙa bas
daga bakin teku zuwa gindin dutse.
Mutanen unguwar nan a madubi na san su:
ƙeya, hular sanyi, kunne toshe da waya,
gaisuwar da ba ta wuce leɓe.

Yau Asabar, an rufe titi saboda biki.
Ni aka ba kujeru, ɗari da ashirin,
na jera su gaban tsohon rumbun kifi,
Torunn na bina da takarda a hannu
tana ƙirga abin da na riga na ƙirga.

A garinmu rana baƙuwa ce, ba ta kwana.
Ƙarfe huɗu ruwa ya ce ga ni nan.
Huɗu da kwata lasifika ta yi tari ta mutu.
Mai haɗa wayoyi ya dafe kai,
ido ya koma neman lema.

Kumaravel, mai goge daɓen asibiti,
wanda ke sauka a tasha ta shida,
ya taɓa gangarsa, ta amsa kamar an mari katifa.
Danshi ya kashe fatar.
Letekidan na gefe tana gasa gahawa.
Uffan ba ta ce ba. Ta ɗage kasko,
ta nuna masa garwashi da haɓa.
Ya kara fatar, yana juyawa kamar mai gasa masara,
ya ƙwanƙwasa, ya saurara, ya sake karawa,
har ganga ta farka ta yi gyaran murya.

Sai tsoho Eilif ya zaro gogensa daga cikin kwat.
Na matsa kusa, na ga abin da ban taɓa lura ba:
ƙarƙashin tsirkiyoyin da yake gogawa
akwai wasu kwance, babu mai taɓa su,
amma in na sama suka yi kuka
su ma sai su ɗauka.
Na daɗe ina kallonsu.

Bogumila, da hannunta bai rabuwa da ƙarnin kifi,
ta rungumi akwatin kiɗa mai numfashin zugazugi.
Farko ba su jitu ba.
Goge na gabas, ganga na yamma,
kowa da kiwon da ya karɓe shi.
Wata yarinya ta bushe da dariya,
Eilif ya harare ta, ya rage gudu,
can wajen zagaye na uku suka haɗu a hanya
kamar maƙwabtan da suka yi karo a ƙofar shago.

Ban san wa ya kama mini ƙaramin yatsa ba.
Na dai tsinci kaina a sahun rawar Kurdawa,
ni da ƙafata ba ta san komai ba sai birki.
Na taka wani, ya ce wani abu da harshensa,
in zagi ne, zagin mai daɗi ne.
Ruwa na bin wuyan rigata,
hayaƙin lubban na cuɗanya da warin teku,
kujeruna ɗari da ashirin
suna can su kaɗai suna shan ruwa.

Wuta ta dawo wajen ƙarfe bakwai.
Mai wayoyi ya ɗaga filogi yana tambaya da ido.
Torunn ta dube shi, ta naɗe takardarta
ta cusa a aljihu.

Litinin da asuba, duhu bai gama tashi ba,
kowa ya koma cikin hularsa.
Letekidan ta shigo, ta nuna tikiti, ta wuce.
Na ce shi ke nan, biki ya bi ruwa.
Muna hawan gada sai na ji daga baya
yatsu biyu na ƙwanƙwasa ƙarfen kujera,
a hankali, don kada a ji.

Na wuce tasha ta shida da taku arba'in
kafin na tuna da birki.