Laka a Ƙafar Malam

Mu 'yan aji ɗaya mun gama magana
a gindin darbejiyar da aka rataye tsohon wilin mota,
wanda in an buga shi har kajin Auyo sai sun ɗaga kai:
Malam Munzali ba ya cin abinci.
Sagiru ya rantse,
ai bai taɓa ganin miya a bakin rigarsa ba.
Hansai ta ce a kabad yake kwana,
tsakanin rajista da kwalin alli,
shi ya sa yake fitowa da fari a gira.

Ni dai jan biron nake kallo.
Na san a cikinsa aka ɗura sani duka,
ana ɗiga wa mutum kaɗan-kaɗan kamar maganin ido.
Ranar da ya ɗiga mini maki biyu
ban bar Inna ta taɓa littafin ba
sai da ta wanke hannu.

Ya ce ba, muka ce ba.
Ya ce bi, rufin kwano ya amsa.
Ya zana wata aba mai tumbi a gaba, ya ce b ce,
ya juya mata tumbin baya, ta tashi daga b ta koma d.
Na je gida na juya ƙwarya,
na sake juyawa,
ƙwarya tana nan ƙwaryarta.
Na ce lalle mutumin nan da shirinsa.

Baba na ƙirga buhunan shinkafa da tsakuwa,
na ce, ba haka Malam ya ce ba.
Da yatsu ake yi, kuma a tsaye.
Baba ya dube ni, ya ci gaba da tsakuwarsa.

Sai ga Asabar.
Aka aza mini fura, kai wa Baba fadama.
Kusa da gonarmu wani ya duƙa yana dashe,
wando a naɗe, laka har gwiwa,
singileti ta yage a gadon baya.
Ya ɗago.
Saura kaɗan ƙwarya ta bar kaina.

Nafi'u, ya ce, sannu da rana.
Muryar aji ce, amma ba ta da rufi a kanta,
sai ta watse cikin ruwa kamar ta kowa.
Baba ya miƙa masa ludayi.
Na ga maƙogwaro yana hawa yana sauka.
Sau shida. Na ƙirga, da yatsu, a tsaye.

Ya ce wa Baba, tawa tana yin ja, me zan yi?
Baba ya tsuguna, ya tuge guda, ya nuna saiwa,
ya ce ka cika mata ruwa, ka matse ta, ba ta numfashi.
Malam ya ce, to. Ya ce, to. Ya ce, sake faɗa.
Kamar Hansai in an zo ɗebewa.

Da ya fito, matsattsaku na maƙale a ƙwaurinsa.
Ya cire, jini ya biyo ƙafa,
siriri, ja,
irin wanda ke cikin littafina.

Litinin ya shigo cikin farar riga, hula a karye.
Kowa na kallon allo, ni ina kallon ƙasa.
Ga ta nan, a ƙarƙashin farcen babban yatsa,
lakar fadamarmu ta zo aji ta zauna,
ba wanda ya kira sunanta a rajista.

Ban gaya wa Sagiru ba.
Lokacin tara na saci jiki
na ajiye dafaffen ƙwan zabuwa a kabad.
Da aka tashi babu shi,
sai ɓawo a bayan taga, tururuwa na ja.

Da dare, Baba na minshari,
na laluba aljihun rigarsa da ke rataye,
ko shi ma yana da jan biro.
Ɓarin goro na samu,
da tsakuwa bakwai.