Tsagar Ƙaguwar Dutse

Tasalla jikata ta zo hutu,
Ta sauke jaka a zauren aski,
Ta ce, "Kaka, buɗe tafinka,
Na zo maka da baƙuwa."

Na zaci goro ne, ko ƙwan zabo.
Sai ga ɗan dutse, sanyi ƙalau,
Ƙafafu a naɗe, hannu guda ya karye,
Na juya shi, ashe ƙaguwa.

"Wajen Dange muka tono ta,
Inda yau sai ƙaya da awaki.
Da can teku ne kwance a wurin.
Ta mutu, laka ta lulluɓe ta,
Shekara miliyan sittin, in ji malamanmu,
Tana nan ba motsawa."

A Sha'iskawa aka yanke cibiyata.
Ruwan da na sani na guga ne,
Sai kududdufi in damina ta yi kirki.
Teku a ƙasar Hausa? Na ce, "Ke yarinya,
Tsufa na yi, ban kai ga ruɗewa."

Ta yi dariya, ta ɗora gilashi a kai.
"Dubi bayanta. Ka ga tsagar nan?
Ɗaya ta gitta, biyu sun gangaro.
Da su muke bin salsala:
Ga gida, ga reshe, ga ɗaki.
Jatan lande ɗan'uwanta ne na nesa,
Amma nata ɗakin ya mutu kaf,
Ko mai karɓar gaisuwa."

Sai na yi shiru.

Shekara hamsin aska na hannuna.
Ran Lahadi a kasuwar Mai'aduwa
Kafin mutum ya yi sallama na karanta shi:
Wannan Bagobiri, wancan daga Barno,
Ga mai bille, ga mai kalangu,
Ga 'yar baka irin ta gidan kakata.
Fuska takarda ce, ban taɓa tambayar kowa.

Yau yara sumul kamar ƙwarya sabuwa.
Na ƙarshen da na tsaga wa kunci
Yana jan tirela, gemunsa da furfura.
Ƙaramar askar tana ƙasan zabira,
Tsatsa na cinta, ban iya yarwa.

Tasalla ta ce malamansu biyu
Sun kusa daina gaisawa a kanta.
Ɗaya ya ce 'yar gidan kaza ce,
Ɗaya ya ce a'a, goshin ya gutsure,
Ba a yanke hukunci da rabin fuska.
Na ce, "Wannan na biyun wanzami ne,
Ki gaishe shi in kin komawa."

Na bi tsagar da farcen babban yatsa.
Ba karkata, ba zurfin da ya wuce kima.
Na san hannu in ya yi rawa,
Wannan bai yi ba. Tsarki ya tabbata
Ga Mai zane ba da aska ba,
A ƙasan ruwa, ba mai dubawa.

"To, ya sunanta?"
"Lamba ce da ita tukuna, Kaka,
Ɗari huɗu da sha bakwai."
Haba! Jariri kwana bakwai yake jira,
Ita ko rago ba a ɗaure ba?
Bar ta nan gefen zabira ta kwana.
In sun shirya raɗa suna, a aiko Daura,
Ni Mati wanzami ina zuwa.