Kiran Wanda Ba Ya Nan

Da asuba nake kunna ta, a Bolari,
kafin 'yan NEPA su tuna da mu su ɗauke.
Ta yi tari, ta yi gurnanin injin markaɗe,
allo ya waye,
amma fuskokin ba su iso ba.
Farare fat, takardun da alƙalami bai taɓa ba,
sun jeru suna kallona.

Sai su fara dawowa ɗai-ɗai:
kwandon shara tukuna, shi da ba ya jin kunya,
sai jakar jarrabawar aji uku,
sai hotunan sunan Dudu,
sai rasit na gyaran rufi.
In ɗora shayi, in sauke, in zuba,
wasu ba su gama wanke ido ba.

Na danna F5 har lambar ta goge.
Jikata ta ce a littafi gumaka ake ce musu.
Na ce a'uzu billahi, shekara sittin da uku
ban ajiye gunki ba, sai da na yi ritaya?

Ran Laraba na ɗaure ta da roba a bayan mashin
zuwa shagon Gidado a Sabon Layi.
Ya buɗe cikinta ya hure:
ga yanar gizo, ta gaske, ga ɓawon ƙwan tsaka.
Ya ce ram ɗinta giga ɗaya, cokalin shayi.
Ya share wata ɓoyayyar ma'ajiyar fuskoki,
ya kashe, ya kunna.
Ta ɗan zabura, kamar jakin da aka daka wa tsawa,
ta koma tafiyarta.

Ya tsura wa allo ido yana ɓare gyaɗa.
Baba, wannan mai 'yar kibiya a gindi fa?
Hanya ce kawai, ba kaya ba.
Tana nuna wani filas da ba ya jikinta.
Duk sanda ta farka sai ta kira shi,
ta tsaya jiran amsa,
saura kuma suna bayansa a layi.

Na matsa da tabarau. AIKIN ISHIYAKU.
Filas ɗinsa ne, ja, mai igiyar takalmi,
da yake zuwa da shi duk Asabar daga Kumo
mu buga tambayoyin lissafi, muna gardama a kan waƙafi.
Damina huɗu ke nan da muka raka shi makwanci.
Filas ɗin kuwa, ko mai ɗakinsa ba ta san inda ya shiga ba.

In goge?
Na ce goge.
Danna ɗaya. Ya sake kunnawa.
Kafin in gyara zaman hulata duk sun bayyana,
'yan aji da suka ji takun hedimasta.
Dubu biyu. Na biya, na sa masa albarka.

Washegari na kunna, hannu ya nufi buta.
Ruwa bai ko yi ɗumi ba, ta gama.
Aiki na jirana, ni kuma ban shirya ba.

Bayan isha'i wuta ta dawo.
Na buɗe kwandon shara.
Gidado yaron kirki ne, bai zubar ba.
Na ɗora linzami a kan sunan,
na mayar da shi kusurwarsa ta hagu, ƙarƙashin rasit,
na tashi na hura gawayi.