Shiru Iri Biyu

Na bar Kwatarkwashi ana sallame asuba,
raɓa a kan sirdi, na share da bakin riga.
Keken nan ya girme ni da shekara huɗu.
Baba ya saye shi da kuɗin auduga
kakar da aka haifi yayana Tunau,
har yau sarƙarsa tari take yi
da zarar ta hango tudu.

Kwalta na bar wa masu gaggawa.
Tawa jar hanya ce, tana bin gindin dutse
kamar ɗan akuya da uwarsa:
ta ɗan yi nisa, ta komo ta gogi ƙafarsa.
Dutsen bai tanka mini ba.
Ya saba ganin masu haki.

Hawa ke nan.
Cinya na ƙuna, numfashi ya koma ƙirga:
wannan na baba, wannan na gwiwa,
wannan na bashin takin da ban biya ba.
A ƙolin tudu na dafa ƙasa da ƙafa ɗaya,
sai ga kwarin duka a shimfiɗe,
gero ya sunkuya, dawa na jiran ranarta,
shinkafar fadama ta yi kore shar har ido ya ji sanyi,
balbela bakwai sun tsare saniya guda
kamar masu bin ta kuɗi.

Sai gangara!
Nan ba a taka feda, nan mutum yaro ne.
Iska ta cika mini riga fam,
hulata ta ce ba da ita ba,
na bar ta a kan geza, sai na dawo.
Furfura hamsin da takwas tana ihu ita kaɗai
a inda babu mai kai labari gida.

Daf da kwalbati ƙaya ta karɓi harajinta.
Na tura, na tura, har inuwar ɗorawa
inda Maikano ke zaune da famfo da gwangwanin sholisho.
Ya tsoma robar a kwanon ruwa
yana sauraren kumfa kamar likita.
"Da can," ya ce, "keke goma ni ka yi ma faci kahin azahar.
Yanzu ko, tun Lahadi kai na na hwari."
Ya nuna da haɓa:
can gonar Na'Allah, gamba ta kai wuyan mutum,
damina biyu ba ta ga hauya ba.
Can kuma rumbu uku, baki buɗe.
Bai faɗi dalili ba, ni ma ban tambaya ba;
a ƙasar nan kowa ya san abin da ya kori barci.

Ashe shiru iri biyu ne.
Akwai wanda na fito nema,
na tattabara da kukan taya a kan tsakuwa,
akwai kuma wanda aka bar wa Maikano gado
ba tare da an mutu ba.

Na miƙa kuɗi, ya mayar da rabi.
"In ka komo mako na gaba, ka cika."
Na gane ba ragi ya yi mini ba,
igiya ce ya ɗaura mini a ƙafa.

Kan hanyar komawa rana ta hau kafaɗa.
Inna Tabawa na tugar gyaɗa a bakin rafi,
ta watso mini ɗanya cikin aljihu, da ƙasarta.
Hulata na nan, tururuwa sun yi taro a ciki.
Na kakkaɓe, na ɗora.

A ƙasan tudu, don kawai in ji,
na kaɗa tsohuwar ƙararrawar baba.
Ta yi ƙara siririya, ta bi kwarin ta ɓace.
Na jira.
Can cikin dawa, inda ban ga kowa ba,
wata ta amsa.