Kantin Magani Ɗaya Tak

Ƙarfe shida saura, a wani ƙauyen Montana,
Marlys ta miƙa takardar likita,
hannunta na warin man inji.

Orvel ya karanta, ya ninke,
ya turo mata a hankali
kamar mai mayar da ajiya.
"Imanina bai yarda ba. Ki yi haƙuri."

Shi ya haɗa wa autanta maganin tari bara.
Yana cikin waɗanda suka ɗauki akwatin gawar mahaifinta.

Kanti na gaba mil saba'in,
ƙanƙara ta fara zuba,
yara uku na jiranta a gida.

Ya ce, "Allah ya kiyaye hanya."
Ta ce, "Amin,"
tana lissafin man da ya rage a tanki.