Watandar Shamwilu

Ni ne na riƙe tocila a daren,
ni na haske shi a bayan taransifoma,
filaya a hannu, wayar tagulla a wuya
kamar kububuwa ta naɗe shi.
Shekara sha huɗu. Silifa ɗaya.
Ɗayar ta faɗa kwata wajen gudu.

Kakuri ba ta barci da ido biyu.
Kafin ka ce kwabo an fito,
mai gora, mai taɓarya,
wani har ya mirgino taya.
Sai Yashim mai walda ya ratsa taro,
ya ce, "Ku dakata. Wannan goshin
na Barau ne, na injin zare."

Mu da muka ci tuwon masaƙa
kafin a garƙame ƙofarta
mun san Barau, mun san tarin da ya kai shi.
Mun raka shi, mun shafa fatiha, mun watse.
Babu wanda ya sake waiwayar ɗakin.

Da hantsi, gindin mangwaron mai unguwa,
aka shimfiɗa tabarmar masallaci,
aka jawo benci daga coci.
Saja Rifkatu ta zo da littafinta,
ta ɗora shi a cinya, ba ta buɗe ba.
Hansai, uwar yaron, ta ce
kwana uku murhunta bai ga wuta ba.
Ta faɗe shi babu kuka,
kamar mai faɗin kuɗin gishiri.

To, sai muka yi watandar yaron.
Safiya ta Malama Kande ce, da alli da biro.
La'asar ta Yashim, da tartsatsi da baƙin tabarau.
Matan adashi suka bar wa Hansai kwasar farko,
ta sayi kasko, ta jiƙa waken suya.
Ni aka ba ni dare:
in leƙa zaure kafin sha ɗaya,
in ƙirga silifa biyu a bakin ƙofa.

Kada ku ɗauka shi ke nan.
Sau biyu ya ɓace mana.
Na biyun a ƙarƙashin gada na tsinto shi,
kogi na wucewa, shi yana warin sholisho.
Na zage shi, ya rama.
Muka taho a ƙasa, ba ma magana,
a mahaɗar jirgi na saya masa shayi.

Yanzu damina uku ke nan.
Ƙofar gidana shi ya ƙera ta,
ta ɗan karkace, tana kuka in an rufe.
Yashim ya ce a kawo ya gyara, na hana.

Amma jiya a sintiri, bayan layin dogo,
na haske wasu guda huɗu suna raba kuɗin ƙarfe.
Na duba goshinsu ɗaya bayan ɗaya.
Ban gane na kowa ba.
Gobe zan koma gindin mangwaro.